Teburin Mai Canji a Firayus

Zauna nan, Dorkon, kusa da ma'auni,
ka janye hannunka daga jakar baƙi.
Jirgin Sirakusa bai shigo ba tukuna,
bari in kwance maka ƙullin tsumman nan
da kakarka ta rantse sau uku sai ta jefa a teku.

Ka ga wannan, mai kamar ƙwayar wake?
Ba ta cika zinariya ba, ba ta tsaya azurfa ba,
ruwa biyu ce, a haɗe kogin Lidiya ya haife ta.
Kan zaki a gaba, bayanta rami kawai,
sawun ƙarfen da maƙeri ya ɗora ya maka guduma.
Wani ɗan Afisa mai safarar ulu ya ba ni ita jingina,
shekara talatin ke nan, har yau yana hanya.

An ce kafin ita tsinken gasa nama ne kuɗi,
guda shida ke cika tafin hannu,
daga damƙar nan darakma ta ci suna.
Ni dai ban gani ba, tsofaffi na ji.

Ɗauki waɗannan biyun, duk na tsibirin Aigina.
Ta farko kififiya ce, tana iyo,
zamanin da jiragensu suka cika ruwa.
Da aka karya su, sai kififiya ta hau tudu
ta wayi gari kunkuru.
Ba wanda ya rubuta musu labarin,
maƙera ne suka faɗe shi a kan maƙera.

Koranti doki ta zaɓa, ta liƙa masa fiffike.
Mutanen Metafonti, can hayin yamma,
zangarniyar sha'ir suka buga, sirara kamar ganye,
ta gaba ta taso, ta baya ta lotsa.
Manomi ko kuɗi ya ƙera, gonarsa yake tunawa.

Sai tamu, mujiya mai ƙwala ido
da reshen zaitun a bayan wuya.
Riƙe ta da kyau, yaro.
Ubana Tibiyos, bawa ne a ramin Lawriyon,
da rarrafe yake shiga, fitila ɗaure a goshi.
Shekara goma sha tara yana tono mujiyoyi,
ko ɗaya bai ga ta tashi ba,
sai ranar da ya ƙirga su a tafin ubangijinsa
ya fanshi wuyansa da tarinsa.

Wannan kuma, kankare ta da farce.
Ka ga ja? Tagulla ce a rigar azurfa.
Shekarar da yaƙi ya ci taska ƙarƙaf,
birni da kansa ya buga jabu,
ya ce ɗan ƙasa nagari ba ya kankarewa.

Ta Sirakusa ba na son a taɓa.
Kifaye huɗu na kewaya kan budurwa,
mai zanen ya ɓoye sunansa a ƙarƙashin gashinta,
ƙanana ƙanana, kamar sawun tururuwa.
Idona ya daina gani, yatsana ke karantawa.

Yanzu fa? Dā kowane gari da tsuntsunsa, da dabbarsa,
in ka zazzage jakar mutum ka san inda ya kwana.
Yau sarakunan da suka gaji yaƙin gabas
fuskarsu suke bugawa,
fuskar mutum mai rai, mai mura, mai bin bashi.
Nauyi dai ya cika, ban ce a'a ba,
amma teburina ya rage hira.

In na mutu, za su sa min obol a baki,
kuɗin fito na mai kwalekwalen can.
Ka tsaya a wurin, kada a sa jabun.
Ya daɗe a sana'ar, ya fi ni kunne.

Tashi, ga filafilai sun ɓullo.
Goge dutsen gwaji.
Kuma kowa ya miƙo, ka jefa a tebur ka saurara
kafin ka dubi fuskarsa.